Laraba: takardar Kawu ta ce Rushaga

Tun da hantsi saƙon Kawu ya shigo. Hoton takardu biyu, da jerin gandun daji shida da yake so ya zaga cikin kwana takwas: Murchison, Kibale, Queen Elizabeth da Bwindi a Yuganda, sannan ya tsallaka Ruwanda ya leƙa Nyungwe da Akagera. A ƙasa ya rubuta, "Ɗiyata, duba mini ko akwai wanda na manta."

Ina buɗe hotunan gabana ya faɗi. Takardar izinin ganin gorila ta ce Rushaga. Rasit ɗin masauki ya ce Buhoma.

Na kira shi. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, wa ya kama muku masaukin nan?" Ya ce ai kamfanin ne, kuma sun tabbatar masa duk Bwindi ce. Gaskiya ne, duk Bwindi ce, sai dai dajin kashi huɗu yake: Buhoma a arewa, Ruhija a gabas, Rushaga da Nkuringo a kudu. Kowace takarda tana ɗauke da rana guda da ɓangare guda, kuma babu titin da ya ratsa tsakiyar dajin. Daga Buhoma zuwa Rushaga sai an kewaye ta kan duwatsu, awa huɗu ko fiye in hanya ta bushe. Jami'an gandun kuwa kafin ƙarfe takwas na safe suke tara mutane su raba su rukuni-rukuni. Wanda ya makara ya yi asarar ranarsa, kuɗin ma da wuya su dawo. A farashin da Yuganda ta sa tun Yulin 2024, takardar baƙon da ya zo daga waje dala 800 ce. A Ruwanda dala 1,500 ce tun 2017. Masu fasfon ƙasashen Afirka suna da rangwame a duka biyun, amma sai an tambaya tun kafin a biya.

Shi ya sa kullum nake cewa a fara da takardar gorila. Ita ce ba ta motsi. Iyalin gorila ɗaya mutum takwas kacal ake kai masa a rana, awa ɗaya, don haka a watannin rani, Yuni zuwa Satumba da Disamba zuwa Fabrairu, takardun kan ƙare tun da sauran watanni. In ta zo hannu, sai a nemi masauki kusa da ƙofar da aka rubuta, sannan a ɗora sauran tafiyar a kai.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To gandun daji guda nawa zan cire?" Na ce uku. Ya yi salati.

Nan muka daɗe. Abin da yake so shi ne wuri guda da zai ga zaki da safe, ya ga manyan birai da yamma. Taura biyu ba ta taunuwa. Gorila da cimfanzi 'yan kurmi ne, zaki da ɓauna da giwa 'yan fili ne, kuma zaɓen gandun daji ba komai ba ne illa neman kurmi da filin da suke maƙwabtaka, don kada rabin kwanakin ya ƙare a cikin mota. A yammacin Yuganda Allah ya jera su kamar da gangan. Daga Entebbe, inda jirgi ke sauka, zuwa Kibale awa biyar zuwa shida. Daga Kibale zuwa Queen Elizabeth awa biyu zuwa uku. Daga kudancin Queen Elizabeth, wato Ishasha, sai a gangara Bwindi. Layi ɗaya ne, ba komawa baya.

Kibale ba ta da na biyu wajen cimfanzi. Nau'in birai 13 ne a cikinta, cimfanzi kusan 1,500, kuma rukunin Kanyanchu ya daɗe da sabawa da mutane, shi ya sa ba kasafai ake fita a dawo hannu rabbana ba. A farashin Yulin 2024, takardar dala 250 ce. Amma na gargaɗi Kawu cewa kallon cimfanzi daban yake da na gorila. Gorila zaune za a same shi yana tsinkar ganye. Cimfanzi kuwa ihu zai yi, ya doki gindin itace, kafin ka ɗaga kai rukunin ya yi gaba, sai a bi su da sassarfa cikin saiwoyi. Wani lokaci suna can ƙololuwar ɓaure, abin da za ka gani kawai baƙin abu yana motsi da ɓawo yana faɗowa. Madubin hangen nesa ya zama dole. Kwarin Kyambura da ke cikin Queen Elizabeth ma yana da cimfanzi, wurin yana da kyau ƙwarai, amma rukunin ƙarami ne, ana iya wuni ba a gan su ba. Ƙari ne, ba madadin Kibale ba.

A Queen Elizabeth abin da na fi ba wa daraja shi ne jirgin ruwan mashigin Kazinga, wanda ya haɗa tafkin George da tafkin Edward. Awa biyu, kuma na yamma ya fi, lokacin da zafi ya koro giwaye da ɓauna bakin ruwa, dorina jibge, kada kwance baki buɗe. Zakunan Ishasha masu hawa itacen ɓaure da tsakar rana ake nemansu, sa'adda suka hau shan iska. Wanda ya ratsa da sassafe yana sauri zai wuce bai ga komai ba. Sai dai in faɗi aibinta: babu raƙumin dawa, babu jakin dawa, babu karkanda. Kawu ya ce, "Au, babu raƙumin dawa?" Na ji muryarsa ta sauka.

Wannan ne kaɗai hujjar Murchison. Can ne garken raƙuman dawa, can ne kogin Nilu ke matsewa ta tsaga mai faɗin mita 7 ya faɗo fiye da mita 40, kuma a kan hanyar zuwa ana iya tsayawa Ziwa a ga karkanda a ƙafa. Amma tana arewa maso yamma, kuma daga can zuwa Kibale wuni guda ne cur a mota. Kwana uku take ci. Mai kwana goma sha ɗaya ya saka ta. Mai kwana takwas ya haƙura.

Nyungwe da Akagera ban ɓata lokaci ba. Nyungwe maimaita Kibale ce a wannan tafiyar, da ƙarin hawa da gangara. Akagera ta farfaɗo sosai, an mayar da zakuna a 2015 da baƙar karkanda a 2017, amma ta dace da wanda tafiyarsa gaba ɗaya a Ruwanda take: ya sauka Kigali, awa biyu da rabi zuwa uku yana garin Musanze, washegari ya ga gorila a gandun Volcanoes. Mai kuɗi da ƙarancin lokaci ke nan.

Muka tsaya a kan kwana biyu Kibale, biyu Queen Elizabeth, ɗaya Ishasha, biyu Rushaga. Tun da takardar ta kudu ce, fita ta Kigali ya fi: a bi iyakar Cyanika, awa huɗu zuwa biyar, maimakon awa tara ko goma zuwa Entebbe. Akwai bizar yawon buɗe ido ta haɗin gwiwar Yuganda da Ruwanda da Kenya, dala 100, kwana 90, ana nemanta daga ƙasar da za a fara shiga. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ya kasance cikin fasfo.

Kaya. Takalmin hawa dutse da ƙafa ta saba da shi, ba sabo fil ba. Doguwar safa a cusa ƙafar wando saboda kwarkwasa. Safar hannu mai kauri saboda ganye mai ƙaiƙayi da ake kamawa wajen hawa. Rigar ruwa ko da rani. Ban da shuɗi da baƙi a fili, ƙudan tsando na bin su. Ɗan dako a ɗauka ko jakar ba ta da nauyi, domin hannunsa ne zai ja ka a santsi. Tafiyar na iya zama rabin awa, tana iya kai awa shida. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A faɗa wa jami'ai tun da safe in gwiwa ba ta da ƙarfi, sukan haɗa mutum da iyalin da ya fi kusa.

Har mun yi sallama cikin raha, sai ya yi tari. Na ce, "Kawu, tarin nan fa?" Ya ce mura ce, in ma ta kai lokacin zai sha magani ya yi shiru, wa zai sani.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yanzu.

Ƙidayar da aka fitar ta 2018 ta nuna gorilar dutse 1,063 ne suka rage a duniya, 459 a yankin Bwindi, sauran a duwatsun Virunga da ke kan iyakar Ruwanda, Yuganda da Kwango. Jikinsu ya yi kusa da namu har murarmu tana kama su, kuma ba su da garkuwar da muke da ita. A 2009 wata ƙwayar cutar numfashi ta mutane ta shiga wani iyali a Ruwanda, wata babbar mace ta mutu, wani jariri ma ya mutu. Tazarar mita 7 zuwa 10, takunkumin fuska, hana yaro ƙasa da shekara 15, awa ɗaya tak, duk daga wannan haɗarin sa musu cuta suka samo asali. Ɗan gorila bai san doka ba. Zai gangaro ya taɓa ƙafar wandonka, ya kai hannu baki, ya koma jikin uwarsa.

Na ce masa, "Don Allah Kawu, in kun tashi da tari ranar, ku faɗa wa jami'ai tun a ƙofa, kafin a shiga daji." Ya ce, "Dala 800 fa, ɗiyata." Ban sami amsar da za ta gamsar da shi ba, kuma ba na son yi masa musu.

Da yamma na rubuta wa kamfanin su mayar da masaukin Rushaga. Ba su amsa ba tukuna. Na tura wa Inna saƙo ta sa shi ya je a duba ƙirjin nan tun yanzu, saura mako bakwai.