Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Majalisar Bayan Magariba

Makon jiya mun tsaya a inda Alhaji, mai kamfaninmu, ya ce ni zan riƙe sashen injiniyoyi. A 2015 ke nan, shekarar da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta yi sallama da takarda da fensir ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Aiki ya yi ta zubowa a Bauchi kamar ruwan Agusta. Duk makarantar da ke da ɗan hali tana son cibiyar jarrabawa, mu kuma mu ne masu jan waya, haɗa saba (babbar kwamfutar da sauran ke jone da ita), kafa inbata da batura.

Duk sashen maza ne, ni kaɗai ce mace. Akwai wanda ya riga ni gama ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, tun muna harabarta ta Yelwa nake ce masa Yaya. Akwai kuma Baba, dattijon da ya fara gyaran kwamfuta tun ina firamare. Ba wanda ya taɓa yi mini rashin kunya. Da safe "Hajiya, an tashi lafiya?", da yamma "Allah Ya huta gajiya."

Sai dai duk lokacin da na zo da tsarin aikin mako, sai in tarar an riga an gama. An san wanda zai tafi Azare, an san wanda zai je Misau, har an yi waya Kano an saro kaya. Ashe bayan sallar Magariba suke haɗuwa wurin wani mai shayi a Wunti, Alhaji ma yakan leƙa, a nan ake yanke komai. Ni kuwa matar aure ce da goyo. Ko da maigidana ya yarda, wa ya taɓa ganin mace a bencin mai shayi da dare? Ban ce da mugunta suke yi ba. Haka suka saba tun kafin in zo, kuma a ganina wannan ya fi wuyar magani, don babu wanda za ki kama ki ce shi ne mai laifi.

Na samu Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni kujera, amma shawara tana Wunti."

Ya yi dariya. "Haba 'yata, ai hira ce kawai."

Na ce to, hira ta ci gaba, amma ina roƙon abu biyu: taron sashe ya koma Litinin ƙarfe goma na safe a ofis, sannan kada akanta ya fitar da ko kwabo na sayen kaya sai da sa hannuna. Na biyun ne ya yi aiki. Cikin ɗan lokaci kowa ya gane hanyar teburina.

Daga nan na juya kan 'yan matan SIWES, wato ɗalibai masu koyon aiki, da ke zuwa mana daga ATBU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. Al'adar da na tarar, namiji a ba shi jakar kayan aiki ya bi mota, mace a zaunar da ita a gaba tana buga takardu da karɓar baƙi. Wata shida, ta koma makaranta ba ta taɓa matse kan wayar haɗa kwamfutoci ko ɗaya ba, gobe kuma a ce mata ba su iya ba. Na ce kowa zai fita.

A nan na haɗu da iyaye. Wani uba ya zo har ofis ya ce 'yarsa ba za ta kwana a Azare ba. Na fara kawo masa Omobola Johnson, wadda ta riƙe ma'aikatar fasahar sadarwa daga 2011 zuwa 2015, da Funke Opeke da kamfaninta na MainOne ya shimfiɗo wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, waɗannan can Legas suke. Ni tambayata, a ina za ta kwana?"

Gaskiyarsa. Muka tsara cewa mata bibbiyu za su riƙa tafiya, su sauka gidan gwaggona, kamfani ya biya kuɗin abinci. Na kuma sa aka ware mana banɗaki da ɗan wurin salla, don kafin nan sai mun tsallaka maƙwabta.

Baba bai ce uffan ba a duk wannan. Ni kuma na ɗauka shirunsa yarda ce. Ana saura kwanaki kaɗan jami'an JAMB su zo duba wata babbar cibiya da muke haɗawa, na shigo da safe na tarar da ambulan a kan teburina. Takardar ajiye aiki ce, da sa hannun Baba, da na Yaya a ƙasa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.