Abin da kula da ƙaramin gandun itatuwa ya koya mini a zamanin sauyin yanayi

Manomin hatsi idan damina ta ɓaci masa, shekara ɗaya ya yi asara, baɗi sai ya sake iri. Mai gandun itatuwa ba shi da wannan damar. Itacen da ya dasa bana zai kai shekara talatin ko hamsin a tsaye, kuma zafi da ruwan da zai rayu a cikinsu ba irin na yau ba ne. Wannan shi ne babban abin da aikin kula da ƙananan gandaye ya cusa mini a kai, sauran darussan duk daga nan suka fito. An horar da mu mu dubi abin da ya yi kyau a wuri shekarun baya mu maimaita shi, amma yanzu shekarun bayan sun daina zama amintaccen ma'auni.

Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna duniya ta ƙara zafi da kusan digiri 1.1 a kan yadda take tsakanin 1850 da 1900. A takarda abin kamar ba yawa. A jikin itace kuwa da yawa ne, domin duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, kuma daga ganye da ƙasa take zuƙo shi. Shi ya sa za ka ga shekarar da ma'aunin ruwan sama ya nuna an samu ruwa daidai gwargwado, amma itatuwa na kakkaɓe ganye tun kafin lokacinsu. Ruwan ya sauka, sai dai ya zo da ƙarfi cikin 'yan kwanaki ya gudu, sannan zafi ya kwashe ragowar.

Abin da na fi tsayawa a kansa shi ne haɗarin dasa iri ɗaya. Na san dalilin da ya sa ake son sa: layi ya miƙe, girma ya zo daidai, sara da sayarwa su yi sauƙi. Amma gandun da itatuwansa iri ɗaya ne, shekarunsu ɗaya, rauninsu ma ɗaya ne. Jamus ta ga haka a farin da ya fara a 2018. An daɗe ana dasa wani itacen katako mai suna sifurus shi kaɗai a filaye masu faɗi, har a wuraren da ba mazauninsa na asali ba. Lafiyayyen itace idan ƙwaro ya huda ɓawonsa yakan fitar da ƙaro ya toshe ramin, amma wanda ƙishirwa ta kama ba ya iya wannan. Sai ƙwaron ya samu abinci ko'ina, ga ɗumi da ya ba shi damar hayayyafa fiye da yadda ya saba, gandaye suka bushe a tsaye. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada ma, wani ƙwaron ɓawo da tsananin sanyin hunturu ke kashewa a da ya samu sassauci, ya shafi daji fiye da hekta miliyan 18. Masu ilimi da kuɗi da injuna ne abin ya ci, balle mai 'yar kadada biyu ko uku.

Saboda haka yanzu ina cakuɗawa: mai saurin girma da mai jinkiri, mai zurfin saiwa da mai shimfiɗa ta, babba da ƙarami. Ba na sare gandu gaba ɗaya a lokaci guda, sai sashe-sashe, don kullum a samu masu tasowa a ƙarƙashin manya. Wajen karɓar iri kuma ina tambayar inda uwar take. Irin da aka tsinto daga itacen da ya girma a wuri mai ɗan fin nawa zafi da ƙarancin ruwa ya fi ba ni kwanciyar hankali, ko da yake ba na cika gandun da shi kaɗai.

Darasin da masu gandu suka fi ƙin ji shi ne rage cunkoso. Mutum ya sha wahalar reno da ban ruwa, ka ce masa ya sare wasu tun ba su kai ba, sai ya ga kamar ɓarna kake sa shi. Amma ruwan da ke cikin ƙasa ƙayyadadde ne. Itatuwa ɗari da ke rabon abin da zai ishi sittin duk za su yi rauni tare, kuma idan fari ya zo ba zai zaɓi arba'in ya bar maka sauran ba. Gara kai ka zaɓa da hannunka, ka cire karkatattu da masu ciwo, ka bar wa nagartattu fili. Sai dai a yi da hankali, domin in aka buɗe gandu da yawa lokaci guda rana za ta ƙona ƙasa, iska kuma ta kayar da waɗanda suka saba jingina da juna.

Na kuma rage ɗokin sabon dashe, na ƙara girmama abin da ya fito da kansa. Kututturen da ya yi toho yana da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga danshi, abin da ɗan tsiron leda zai yi shekaru bai samu ba. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, da manoma suka riƙa zaɓar toho mafi ƙarfi a kan kututture suna aske sauran, kuma an ƙiyasta hanyar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar ta Nijar. Yana ba ni takaici idan na ga ana auna nasarar aiki da yawan tsiron da aka binne ranar biki, ba wanda ya koma ya ƙirga nawa suka ga damina ta uku.

Gobara kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Lokacin bushewa ya ƙara tsawo, don haka share layin tare wuta a kewayen gandu da kwashe busassun rassa daga gindin itatuwa aiki ne da ake gamawa kafin ciyawa ta bushe.

Sai littafin rubutu. Ina rubuta ranar ruwan farko da na ƙarshe, lokacin da kowane iri ya yi fure, wanda ya fara yaushi, da ƙwaron da na gani a wane sashe. Hasashen masana na yanki ne mai faɗi, ba zai gaya maka cewa gangaren da ke fuskantar rana ya fi kwarin da ke ƙasansa saurin bushewa da makonni ba. Daga wannan littafin nake yanke shawarar irin da zan ƙara a kowane sashe da wanda zan daina dasawa, kuma duk bayan 'yan shekaru nakan zauna da mai gandun mu sake duba tsarin tun daga farko.