Yadda wutsiyar "y" ta ba ni kunya a Kabuga

Wani malamin lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Gwale ne ya roƙe ni in rubuta masa 'yar manhajar da za ta riƙa fitar da takardun jarrabawa. Ya gaji da cike alamomin lissafi da biro bayan an gama buga takarda. Na ce masa aikin kwana uku ne. Wata biyu na yi ina fama, shi ya sa nake so ku ƙannena masu koyon rubuta manhaja ku ji inda na yi tuntuɓe.

Ni a lokacin, harafi faɗi da tsayi kawai gare shi, sai a jera su kamar bulo. Ranar da muka je buga samfuri a wani shagon kwamfuta a Kabuga, malam ya gyara tabarau, ya kai takardar kusa da fuska, ya ce, "Ɗana, me layin nan ya yi wa y ɗinka?" Na leƙa. Wutsiyar y ta huda layin da ke raba lambar sama da ta ƙasa. A tambaya ta gaba kuma ɗan 2 da ya kamata ya hau kafaɗar x ya zamo ƙasa, yaro zai karanta shi x sau biyu. Mai shagon ma sai da ya yi dariya.

Da na koma gida sai na ƙara kuskure a kan kuskure: na shiga gyara da ido. A ɗaga wannan fiksel uku (fiksel shi ne ɗan ɗigon hoto a fuskar kwamfuta), a matsar da wancan biyu. Ya yi kyau a kwamfutata, ana canza girman rubutu komai ya wargaje. Kada ku bi wannan hanyar, ba ta ɓullewa.

Ashe awo uku ne. Kowane harafi yana zaune a kan wani layi da ba a gani, kamar layin littafin rubutu na 'yan firamare. Akwai faɗinsa, akwai tsayinsa daga layin zuwa sama, akwai kuma zurfinsa daga layin zuwa ƙasa. Zurfin nan ne na manta da shi, kuma y da g da p duk suna da shi. Donald Knuth, wanda ya fitar da TeX, manhajar tsara rubutun lissafi, a 1978, ya ajiye waɗannan awo na kowane harafi a fayilolin TFM, har da na huɗu: ɗan sararin da ake ƙara wa harafi mai karkata irin f, don kada kansa ya bugi abin da ke biye. Duk abin da na kwana ina kintata, yana rubuce cikin zubin haruffan, wato font, tun kafin a haife ni.

Akwai kuma layi na biyu, na lissafi, wanda ya ɗan ɗara na farko. A kansa layin raba lamba yake zama, ta nan kuma alamun tarawa da ɗebewa suke ratsawa. A zubin TeX mai suna Computer Modern, mai girman maki 10 (maki shi ne awon girman rubutu), layin lissafin yana sama da layin zama da maki 2.5. Lambar kafaɗa maki 7 ce, ta kafaɗar kafaɗa 5. Sararin da ke gefen alamar tarawa ma ba ɗaya ba ne da na alamar daidai: in aka raba girman rubutun gida 18, na farko gida 4 ne, na biyu 5. Ido ba zai ba ka wannan ba. A zubin haruffa na zamani, irin waɗannan lambobi suna cikin teburin MATH da Microsoft ta fara amfani da shi a Cambria Math cikin Office 2007.

Ku kuma duba ma'aunin zubin, wato gida nawa ya kasa girman rubutu, kafin ku raba awon harafi da shi: wani gida 1000 ne, wani 2048. Na taɓa raba na biyun da 1000, komai ya ninka girma, na yi yini guda ina zargin firinta.

Gaskiya in aikin shafin intanet ne, ku ɗauki KaTeX ko MathJax, manhajojin da ke tsara lissafi a shafi, ku huta. In kuwa dole sai kun gina naku, ku sa manhajar ta zana jan akwati kewaye da kowane harafi, da layin zama, tun daren farko. Da na yi haka, cikin minti biyar na ga duk ɓarnar da na yi.

Sai abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Malam yana rubuta umarnin wasu tambayoyi da Hausa, zubin lissafin kuwa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kwamfuta sai ta aro su daga wani zubin ba tare da ta faɗa maka ba, ni kuma ina aunawa da awon na farko. Kalmar "huɗu" ta fito ɗ ɗinta ya hau kan u. Yanzu kafin in nuna wa kowa aiki, sai na buga "ƙwai" da "huɗu" da "ɓera", da y a saman layin raba lamba, in kai takardar kusa da fuska yadda malam ya yi.