Sule ashirin ɗin Kaka da madubina

A cikin adakar kakana na same ta, bayan rasuwarsa, Allah ya ji ƙansa. Takardar sule ashirin ce ta Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, an ninke ta huɗu an cusa a tsakiyar wani littafin addu'o'i. Da irinta yake fataucin goro zuwa Gwanja, domin a lokacin kuɗi ɗaya ake kashewa a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. A gabanta bishiyar kwakwa, a bayanta rubutun ajami mai faɗin darajarta. Daga ita na fara tara tsofaffin kuɗi.

Ranar da na ɗora mata madubin ƙara girma na daɗe ban tashi ba. Ashe ganyen kwakwar nan layuka ne sirara, wasu sun haɗu sun yi duhu, wasu sun ware sun bar haske. Mutum ne ya zauna ya sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya a kan farantin ƙarfe. Idan za a buga, sai a cika ramukan da tawada, a goge saman tas, a danna takarda da ƙarfin gaske har ta tsotso tawadar. Shi ya sa take tudu, yatsa yana jin kaushinta. Na sha ganin 'yan canji a Wapa ta Kano suna murza takarda da babban yatsa kafin su ɗaga ta sama. Wannan kaushin suke nema, kuma hoton kwafi ba ya ba da shi.

Abin da ya fi kama raina shi ne zanen gefe, wanda zare ke shiga yana fita kamar dagi, ko zayyanar allon sauka. Wannan kam injin juyi ne ke yin sa, mai haƙora da yawa. Haƙori ɗaya ya goce, zane ya canja gaba ɗaya, don haka mai jabu da bai san saitin ba sai dai ya kwaikwaya da hannu, hannu kuwa dole ya yi rawa a inda layuka suka gitta juna.

Kamfanin Waterlow na Landan ne ya buga tawa. Shi ne kuma wani ɗan Fotugal, Alves dos Reis, ya yaudara da takardun izini na bogi, har aka buga masa takardun kuɗin Fotugal na eskudo 500 guda 200,000 da faranti na ainihi. Zanen bai da aibu ko kaɗan. Takardu masu lamba iri ɗaya da aka gani a birnin Porto na Fotugal a Disambar 1925 ne suka tona asirin. Tun da na san labarin nan, kowace takarda na saya sai na rubuta lambarta a littafi.

Ina da naira ashirin ta Murtala, irin wadda aka fara fitarwa a 1977, da ajaminta. Har yanzu ina jin ciwon cire ajamin daga ƙananan kuɗi a 2007, domin da shi kakata take gane kuɗinta.

Idan kina da ko kana da irin waɗannan a gida, don Allah kada a wanke su, kada a sa musu dutsen guga, kada a liƙe da salatif. Guga tana kwantar da tudun tawadar, ba ya kuma tasowa.