Yawon daji da rani: sai an ɗaga kai sama

Mutane da yawa suna ganin idan aka kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, to daji ya gama abin nunawa sai damina. Ba haka ba ne. Kyan rani a kan itatuwa yake da bakin fadama, kuma akwai lokacin da ake samunsa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fita bayan sallar asuba, a juyo kafin ƙarfe 10. A wannan tsakanin iskar hunturu ba ta yi ƙarfi ba, tsuntsaye na kiwo, hazo kuma yana tare kaifin rana har a gan ta fara fat kamar faifai. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Da Maris ya kama, zafin bazara kan haura digiri 40, sai a rage tafiyar zuwa awa biyu.

Itacen da ya fi cancantar a tsaya masa shi ne gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, shi kaɗai a tsakiyar gonar da ba komai sai kututturan kara. A matsa kusa a dubi 'ya'yansa: kwanso ne murɗaɗɗe, ruwan goro, yana faɗowa awaki na rububinsa. Kashin da dabbobi ke bari a gindinsa da ganyen da ya zubar su ne takin da ke sa geron ƙarƙashinsa ya fi na kewaye. Shi ya sa manoman Maradi da Damagaram suke barin tohonsa idan suna sassabe. Kuka kuwa tsirara take, 'ya'yanta na reto a dogayen igiyoyi. Gurjiya takan fitar da jan fure jawur ba ganye ko ɗaya a jikinta. Wajen Fabrairu da Maris ɗorawa ta saki nata jajayen dunƙule, rimi ya fasa audugarsa iska na ɗauka. Magarya da aduwa, idan yara ba su riga ku ba, za a samu na tsinta.

Mai son tsuntsaye ya nufi inda ruwa ya rage. Dausayin Haɗeja da Nguru, musamman Dagona a jihar Yobe, yana karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai a waɗannan watanni, ga dinya da zalɓe da balbela na gida. Kada a nemi shamuwa, ita sai ruwa ya kusa sauka. A zauna a inuwa, rana a bayanka, a yi shiru na minti goma. Masu tafe suna hira babu abin da suke gani sai bayan fakara ta tashi fir.

Abin da ke ɓata tafiya yawanci ƙafa ce. Silifa ba ta tare tsidau, ƙarangiya kuma tana manne wa safa da wandon ulu, don haka a sa rufaffen takalmi da wando mai santsi. A shafa man kaɗe a dunduniya da leɓe saboda faso. Ruwa lita biyu ga kowane mutum, don sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska na zuƙe jiki. Kada a cusa hannu cikin tarin kara, ramin gara ko ƙarƙashin dutse, nan kububuwa ke kwanciya, launinta kuma ya saje da ƙasa. Idan an hango hayaƙin gobarar daji, a kauce daga inda iska ke kaɗa shi.

Batun tsaro ma ba na wasa ba ne a yanzu. A tambayi mai unguwa ko manoman wurin iyakar inda ake zuwa, a tafi mutum biyu ko uku, a kuma faɗa wa na gida lokacin dawowa.