Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Faya-fayan Uwargida

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya ne a inda aka ƙara min darasin kwamfuta a kan lissafin da nake koyar da 'yan SS2, a makarantar da kwamfutocinta huɗu ne, biyu sun mutu, wuta kuma sai ranar da aka ga dama.

Toh abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne rikashan, wato aikin da yake kiran kansa da kansa har ya ƙare. Sati biyu ina cika allo, yara suna kwafa tsaf a littafi amma in ka yi tambaya sai ajin ya yi tsit, wallahi abin ya dame ni har barci ya hana ni, don na san ba daƙiƙai ba ne.

Wani dare na tuna wasan Hasumiyar Hanoi da muka yi a jami'a, wanda wani Bafaranshe masanin lissafi, Edouard Lucas, ya fito da shi a 1883. Turke uku ne da faya-fayai a jere, babba a ƙasa ƙarami a sama, za ka kwashe su zuwa turke na uku, ɗaya-ɗaya ake ɗauka kuma ba a ɗora babba kan ƙarami. Ba ni da kuɗin kafinta, sai na shiga kicin na tsinto faifai biyar, kowanne da girmansa. Uwargida ta ce, "Malam ina kuma za ka kai min su?" Na ce aro ne, in sha Allahu da azahar za su dawo.

Na zana da'ira uku da alli a kan siminti, yara suka kewaye. Da faifai uku ba a daɗe ba suka gano ɗauka 7 ne. Da na ƙara na huɗu fa sai rikici, wannan ya ce kai nan, wancan ya ce a'a mayar, wani rukunin sai da suka haura ɗauka 30 ba su gama ba. Can wata yarinya 'yar layin baya, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ta ce, "Malam ai mun riga mun iya kwashe uku. Mu kai ukun tsakiya, mu ɗauke babban, mu sake ɗora ukun a kansa." 7 da 1 da 7, 15 kenan. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Wani yaro ya ce to ukun fa? Muka sauka tare, uku na jingine da biyu, biyu da ɗaya, ɗaya kuwa ɗauka kawai za ka yi, nan ne aikin yake daina kiran kansa. Na biyar ba su ma taɓa faifan ba suka ce 31. Da na faɗa musu cewa in faifai 64 ne, ana ɗaukar ɗaya duk daƙiƙa, sai an yi shekara kusan biliyan 585, ajin ya kaure da salati.

Faya-fayan dai sai bayan la'asar suka koma gida, duk sun yi fari da alli. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da mahaifin yarinyar nan ya zo nemana a makaranta.