Abin da na koya wajen tsara allunan nuna hanya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa

Ina cikin shekarata ta biyu a wani ofishin zane a ƙasar waje aka ba mu aikin sabunta allunan nuna hanya na wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda layuka biyu suke haɗuwa a cikinta, take kuma da ƙofofin fita huɗu. Ni aka ɗora wa nauyin tsara abin da za a rubuta a kowane allo da wurin da za a rataye shi. Na karɓi aikin da zumuɗi, domin a ganina haruffa masu kyau da launuka masu ɗaukar ido su ne dukan abin da ake bukata.

Shugabar sashenmu ta hana ni buɗe kwamfuta a makon farko. Ta ce in ɗauki littafi da fensir in tafi tashar, in tsaya inda ba zan tare wa kowa hanya ba, in riƙa sa ɗigo a kan taswirar ginin duk inda na ga mutum ya rage sauri, ko ya tsaya, ko ya waiwaya. Kwana biyar na yi ina wannan aiki safe da yamma. Da na baje takardun a kan tebur, sai na ga ɗigon ya taru a wurare uku kawai: bayan shingen tikiti, da gindin matakala, da wata mararraba a tsakiyar dogon zauren da ya haɗa layukan biyu. Ta gaya mini cewa irin wannan bin sawun fasinja wani mai zane, Bob Noorda, ya yi a tashoshin birnin Niyok, lokacin da shi da Massimo Vignelli suke tsara ƙa'idar allunan da aka fitar a 1970, kuma abin da suka tsaya a kai shi ne a ba mutum bayani a daidai wurin da zai zaɓi hanya, kada a riga shi, kada kuma a makara.

Na ji wannan magana, amma ban yi aiki da ita ba a zanena na farko. Na tara komai a babban allo guda bayan shingen tikiti: sunayen layuka, da tashoshin ƙarshe, da titunan da kowace ƙofa take fita, da banɗaki, da lif. A fuskar kwamfuta ya yi kyau ƙwarai, kuma a raina ina ganin kyautatawa ce a ba matafiyi dukan bayani tun daga bakin ƙofa. Da muka buga shi a kwali muka rataye don gwaji, sai mutane suka riƙa yin cincirindo a ƙarƙashinsa suna karatu, na baya suna ture na gaba. Mai sauri ba ya ba allo fiye da ƙiftawar ido, kuma a bakin shinge tambaya ɗaya ce a ransa, wato hagu zai bi ko dama.

A cikin waɗannan kwanaki ne Kawu, wan mahaifiyata, ya zo duba lafiyarsa ya sauka a wurina. Mutum ne mai zurfin karatun Larabci da ajami, boko kuwa kaɗan-kaɗan, harshen ƙasar ma ko kalma ɗaya ba ya ji. Na nemi izini a ofis na tafi da shi tashar a lokacin da ba cunkoso, na faɗa masa ƙofar da nake so ya fita, na bi shi a baya ban ce uffan ba. Ya wuce shinge lafiya, ya shiga zaure, sai ya ja ya tsaya a ƙarƙashin wani allo da na sa wa kibiya mai duban sama, yana ta waige-waige.

Na ce, "Kawu, me kuke nema?"

Ya ce, "Matakala mana, ɗana. Ai kibiyar taka cewa ta yi a hau sama."

Ni kuwa nufina da ita a miƙe gaba. Mu masu zane mun saba da wannan ma'ana har mun manta cewa koyonta muka yi, alhali a wurin da ake hawa da sauka, kibiya mai duban sama tana da fassara biyu, kuma matakala tana nan kusa da allon. Na matsar da shi nesa da ita, na kuma haɗa hoton matakala da kibiya a duk inda hawa ake nufi.

Abu na biyu da ya nuna mini ya fi wannan nauyi. Sunayen tituna da na jera a kan ƙofofin fita, a wurinsa zane ne kawai mai kama da juna. Sai ya tuna mini da jirgin da yake jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda aka buɗe a 2010, mai tashoshi tara, uku a kowane wuri, ana kiransu da lamba: Mina 1, Mina 2, Mina 3. Ya ce mutanen da suka zo daga ko'ina a duniya ba harshe ɗaya suke ji ba, amma kowa yana iya riƙe lamba. Daren nan na koma kan abin da wasu birane suka yi. Tun 2004 Tokyo ta ba kowace tashar jirginta na ƙarƙashin ƙasa harafi da lamba, ta yadda baƙon da bai iya rubutun Japan ba zai nemi G09 ya sauka a Ginza. Birnin Meziko kuwa, da ya buɗe nasa layin a 1969 a lokacin da mutane da yawa ba su iya karatu ba, mai zane Lance Wyman ya ba kowace tasha hotonta: hoton fara ga tashar Chapultepec, na agwagwa ga Candelaria. Har yau waɗannan hotuna suna aiki, kuma a ganina babu tsarin da ya kai wannan mutunta fasinja.

Na ba ƙofofin huɗu lamba, manya ƙwarai, sunan titi ya koma ƙarami a gefe. Kowane layi na haɗa masa launi da lamba, domin launi kaɗai ba abin dogaro ba ne: a ƙasashen Turai kusan namiji 1 cikin 12 yana da matsalar bambance launi, galibi ja da kore. Na ware launi guda ga hanyar fita ban yi amfani da shi a wani abu ba, kamar yadda Landan ta keɓe ruwan ɗorawa a kan baƙi don wannan aiki. Girman haruffa kuwa mun bi lissafin kusan santimita 1 ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu, kuma allunan bango duk mun ɗaga su sama da kawunan jama'a, tunda allon da aka liƙa daidai kafaɗa yakan ɓace da zarar jirgi ya sauke mutane.

Gardamar da ta fi tsawo a ofis a kan dogon zauren nan aka yi ta. Abokin aikina yana ganin tunda babu kwana a rabinsa na biyu, ƙarin allo ɓarnar kuɗi ce. Ni kuwa na ga Kawu ya waiwaya sau biyu a wannan wuri, domin idan tafiya ta yi tsawo babu abin da yake tabbatar wa mutum cewa yana kan hanya, sai zuciyarsa ta fara raya masa ko ya yi kuskure. A ƙarshe aka amince da ƙananan alluna biyu masu maimaita lambar layi kawai.

Ana jibi zai koma gida na sake kai shi tashar, an rataye sababbin kwalayen gwaji. Na ce masa ƙofa ta 3, na tsaya a bakin shinge. Ya bi zauren da sandarsa bai waiwaya ba, ya hau matakala, kuma da na fito na same shi a bakin titi yana jirana.